Kwamfutar kan allo: fashin baƙi kan abin da 'ya'yanmu ke koyo a sakandaren Legas

Wata Asabar 'yar ƙanwata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare a nan Agege, ta zo gidana da littafin darasin kwamfuta tana bitar jarrabawar ƙarshen zango. Na karɓi littafin na fara yi mata tambaya. Wane ne Charles Babbage? Ta zubo. Zuriyar kwamfuta nawa ce, me ya raba ta farko da ta biyu? Ta jero su tiryan-tiryan kamar mai ba da hadda a gaban malamin Islamiyya. Na ce ta mayar mini da 25 zuwa lissafin sifili da ɗaya, ta rubuta 11001 ko ɗaga kai ba ta yi ba. Daga nan na tura mata laftof ɗina, na ce ta buga wasiƙa mai layi biyar ta adana da sunanta. Ta dubi madannai, ta dube ni, ta ce, "Kawu, ai ba mu zo nan ba tukuna."

Shekararta ta biyar ke nan ana koya mata kwamfuta. Kuma yarinyar nan ita ke yi wa uwarta tiransifa a waya, ita ke haɗa bidiyon suna da na walima ta yanke shi ta sa masa rubutu. Ƙwaƙwalwa dai akwai. Abin da ya sa na zauna bin diddigin maganar ke nan, don na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne, daga Agege har Idi Araba da Mile 12 da Obalende.

Farkon ruɗanin yana cikin sunan kansa. Idan makaranta ta ce tana koyar da kwamfuta, abu uku ne mabambanta aka cusa cikin buhu ɗaya. Akwai iya aiki da ita: buga rubutu, adana fayil da nemo shi, lissafi a Excel, aika imel, cike fam a intanet. Akwai fahimtar yadda take tunani, wato yadda ake tsinka matsala gida-gida a rubuta mata umarni ta bi, abin da matasa ke kira kodin. Sai kuma sanin jikinta: buɗe ta, gano abin da ya ƙone, haɗa waya, gyara. Na farko kamar iya karatu da rubutu ne, kowa na buƙatarsa, ko likita zai zama ko dillalin tumatir. Na biyu ɗan'uwan lissafi ne. Na uku sana'a ce. Abin da yawancin yaranmu ke samu kuwa wani na huɗu ne da babu wanda ya nema: labarin kwamfuta, a rubuta a allo, a kwafa a littafi, a haddace.

Yadda aka zo nan yana da tarihi. Tun 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta fitar da manufa kan ilimin kwamfuta, aka fara da kwalejojinta. A wancan lokaci na'urar abin kallo ce, wayar GSM ma ba ta shigo ƙasar ba sai 2001. Manhajar karatun da aka gina a irin wannan yanayi dole ta cika da abin da ake iya koyarwa da alli: tarihi, ma'anar kalmomi, rabe-raben na'urori, yaren kodin na BASIC da ake rubutawa a takarda. Da hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu, ta fito da sabon tsarin babbar sakandare a 2011, ta wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki darasin sana'a ɗaya cikin 34. Makarantu da yawa suka ruga ga Data Processing, wato sarrafa bayanai, don ba ya buƙatar keken ɗinki ko tafkin kifi ko wurin walda. Abin dariyar shi ne an zaɓe shi ne saboda ana iya yin sa ba kayan aiki, alhali shi ne darasin da ya fi kowanne buƙatar hannu a kan na'ura. A ƙaramar sakandare kuma aka narka kwamfuta cikin darasi guda da kimiyya da fasaha da motsa jiki, ta zama ɗan tsagi a cikin maki. Malami ya san abin da za a tambaya a jarrabawa shi yake koyarwa, kuma ban ga laifinsa ba.

Mutane sukan taƙaita matsalar da cewa babu kwamfuta a makarantu. A Legas wannan rabin gaskiya ce. Makarantu da dama, na gwamnati da na kuɗi, suna da ɗakin kwamfuta, wasu ma shi ake fara nuna wa uba ranar da ya zo neman gurbi. Amma mu yi lissafi tare. A ce aji yana da yara 60, ɗakin yana da kwamfuta 20 masu tashi, ana shiga sau ɗaya a mako na minti 40. Kafin a jero daga aji, a zauna, a kunna, a yi shiru, minti 10 sun tafi. Sauran 30 ɗin za a raba wa mutum uku da ke kan kujera ɗaya, kowa minti 10, in har babu ƙaton da ya kankane linzamin kwamfutar, wato maus. Cire makon jarrabawa da hutun tsakiyar zango, ya rage mako kamar 10. Minti 100 ke nan a zango, awa biyar a shekara. Wannan fa a makarantar da komai ke tafiya daidai, wuta ba ta ɗauke ba, malami bai tafi taro ba. Ko tuƙin Keke Napep ba a koyo da awa biyar a shekara.

To ina ga an shigo da maganar wuta. Kwamfutar tebur 20 da fankoki sun fi ƙarfin ɗan ƙaramin janaretan shago. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit. Shugaban makaranta da ke riƙe da ɗan kuɗin gudanarwa zai zaɓa tsakanin man janareta da alli da gyaran bayan gida, kuma mun san wanda zai sha kashi. Shi ya sa nake ganin duk mai son taimaka wa makaranta, ƙungiyar iyaye ce ko tsofaffin ɗalibai, gara ya sayi laftof na hannu guda goma da ɗan sola da inbata, da ya jibge manyan na'urori talatin da za su zauna jiran NEPA. Laftof tana cin wuta kaɗan, kuma tana da batirinta.

Akwai kuma wata cuta da ba a cika faɗa ba, cutar garƙame ɗakin kwamfuta da kwaɗo. An kawo kaya, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto, an rubuta su cikin kundin kayan gwamnati ko na mai makaranta. Daga ranar, duk abin da ya ɓace ko ya lalace a wuyan wani yake. Mafi sauƙin hanyar tsira ita ce a rufe ɗakin a sa makulli a aljihu. Danshin Legas da ƙura da ɓeraye su yi aikinsu a hankali, bayan shekara biyu rabi ba sa tashi, babu kuma kasafin gyara domin mai bayarwa ya ba da na'ura ne, bai ba da mai kula da ita ba. Uba ya leƙa ta taga ya ga layin kwamfutoci an lulluɓe da leda, ya tafi gida da murna, kallon kitse yake wa rogo.

Amma ko an warware wuta da na'ura, babban ƙullin yana wajen malami, kuma nan ne Legas ta bambanta da sauran garuruwa. Jirgin ƙasan nan na jan layi da ya fara aiki a 2024 ya isa misali. Ka hau a Agege, tasha ta gaba Ikeja ce, inda kasuwar Computer Village take a kewayen titin Otigba, wurin da ake ƙwance waya da laftof a mayar kamar wasa. Ka zarce ka sauka a Yaba, inda ofishin WAEC yake, inda kuma cibiyar masu ƙirƙirar fasahar zamani ta CcHub take, wadda Mark Zuckerberg na Facebook ya ziyarta a Agustan 2016, wadda kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Bosun Tijani, ya zama ministan sadarwa a 2023. Ilimin da ake nema yana kan layin dogo ɗaya da ajin 'yar ƙanwata. Kusancin nan kuwa shi ne matsalar. Matashin da ya iya kodin da gaske a garin nan yana da kasuwa: bankuna, kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, aikin da ake yi daga ɗaki a biya da dala, ko kuma ficewa ƙasar waje gaba ɗaya. Albashin malamin makaranta ba zai riƙe shi ba. Sai darasin ya faɗa hannun malamin lissafi ko na fiziks a matsayin ƙarin kaya, ko ɗan bautar ƙasa da zai tattara ya tafi kafin yara su gama sabawa da muryarsa. Na san malamai masu ƙoƙari da ke zuwa da laftof ɗinsu na kansu su ɗaga sama aji ya gani. Allah ya saka musu. Sai dai gani daga nesa ba ya sa yatsa ya san inda harafi yake.

Gwamnatin jihar ta taɓa gwada wasu hanyoyi. Zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode an yi shirin Code Lagos da burin koya wa mutum miliyan ɗaya kodin, zamanin Babajide Sanwo-Olu kuma aka kawo EKOEXCEL a 2019, wanda ya raba wa malaman firamare na'urorin hannu masu ɗauke da darasi. Ban raina su ba. Abin da nake lura da shi kawai shi ne, abin da ke canza yaro shi ne wanda ya shiga jadawalin mako ya zauna, yana da malaminsa da makinsa, ko wane ne gwamna.

Duk wannan da sauƙi a da, lokacin da jahilcin kwamfuta ba ya hana kowa komai. Yanzu ƙofar jami'a kanta a kan allon na'ura take. Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Hukumar ta san akwai waɗanda ba su taɓa riƙe linzami ba, har ta tsara yadda za a amsa da 'yan madannai kaɗan: A zuwa D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Hakan ya rage wahala, amma bai cire tsoro ba. Yaron da hannunsa ke rawa, yana fargabar kada ya taɓa wani abu komai ya goge, ya riga ya yi asarar mintocin da na kusa da shi ke amsa tambaya da su. Ga shi na'urar ma takan yi tuntuɓe. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da kudu maso gabas, fiye da rabinsu a cibiyoyin Legas, aka sake musu jarrabawa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya saba da na'ura ya sake zama ya yi abinsa. Wanda zuwansa na farko ma da kyar ya kai ƙarshe, an sa shi ya haye kogi sau biyu.

Kuma abin ba a JAMB zai tsaya ba. WAEC ta fara yin jarrabawarta a kan kwamfuta ga masu zana ta daga waje a farkon 2024, a 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya bayyana cewa WAEC da NECO za su koma kan kwamfuta. Wa'adi yana iya motsawa, alƙiblar dai an riga an fuskanta. Nan ne maganar za ta yi tsanani, domin zaɓen A ko B daban, buga insha'i mai shafi biyu daban. Mai laluben haruffa da yatsa ɗaya zai fāɗi a Turanci ko tarihi ba don bai san amsa ba.

A shekarar 2025 ɗin dai aka sake manhajar karatu. An rage yawan darussa, an fito da fasahar zamani a matsayin darasi mai cin gashin kansa, an kuma taƙaita sana'o'i zuwa shida, ciki har da haɗa sola da gyaran kwamfuta da waya. A takarda wannan gyara ne mai kyau, don ya fara rarrabe abubuwan nan uku da na ambata. Amma sabuwar manhaja a hannun malami ɗaya, da alli ɗaya, da ɗaki a kulle, za ta haifi sabuwar hadda ce kawai. Maimakon zuriyar kwamfuta, yara za su haddace ma'anar ƙirƙirarriyar basira da rabe-raben mutum-mutumi.

Mu dawo gida, don mu Hausawan Legas muna da namu ƙarin nauyin. Yaron maƙwabcinmu Bayarabe ko Inyamuri in makaranta ta gaza, ana tura shi lesin da yamma ko Asabar, ko ya tafi shagon wani yayansa a Ikeja lokacin hutu. Namu yaron yana tashi daga boko ya ci abinci ya wuce Islamiyya, Asabar da Lahadi ma akwai hadda, in ya samu sarari yana shago ko kasuwa yana taya uba. Ba na cewa a taɓa Islamiyya, ko kusa. Cewa nake lokacin da wasu ke cike giɓin da shi, mu namu a cike yake, don haka dole mu nemo wa abin gurbi da gangan. 'Ya mace kuwa abin ya fi tsanani, domin uba nawa ne zai bar budurwa ta je ta zauna a kafen intanet cikin samari? Ni ma ba zan bari ba. Shi ya sa nake ganin makarantun Islamiyyarmu su ne wurin da ya fi dacewa: iyaye sun amince da su, akwai ɗakuna, akwai tsarin raba maza da mata, akwai kwamitin da ya saba tara kuɗi. Laftof shida da malama ɗaya, awa ɗaya a mako ga 'yan ajin sama, ya ninka abin da lissafinmu na ɗazu ya bayar sau da yawa.

Sai tsoron da iyaye ba sa ɓoyewa: kada yaro ya koyi kwamfuta ya zama ɗan yahu. Tsoron yana da tushe, muna ganin waɗanda EFCC ke kamawa. Amma damfarar yau da waya ake yin ta, wayar kuma tana aljihun yaron tuntuni. Kuma in aka duba, mu ne aka fi cuta. 'Yan kasuwarmu nawa aka nuna wa alat na bogi suka saki kaya, tsofaffi nawa aka kira aka ce daga banki ne suka karanto lambar sirri? Ɗa ko 'yar da ta san yadda waɗannan abubuwa ke aiki garkuwa ce ga shagon ubanta.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ɗaukar kodin kamar wani sihirin Turawa da sai mai zurfin Turanci. Kalmomin da yaren Python ya keɓe wa kansa ba su kai 40 ba, sauran duk tsarin tunani ne, kuma tsarin nan muna da shi a gida. Ɗauki rabon gado. In mamaci ya bar ɗa ko 'ya, matarsa tana da ɗaya bisa takwas. In bai bari ba, ɗaya bisa huɗu. In mace ce ta rasu, mijinta yana da rabi in babu zuriya, ɗaya bisa huɗu in akwai. "In kaza, to kaza, in ba haka ba, kaza." Wannan shi ne ƙashin bayan duk wata manhajar kwamfuta. Kalmar algoridim da ake taƙama da ita ma, wato jerin matakan da ake tsara wa kwamfuta ta bi, daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ta fito, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda babban kaso na rubutunsa kan aljabara lissafin gado da wasiyya ne. Malamin da ya san wannan zai iya koyar da rabin darasin ko babu wuta, da lissafin la'adar kwandon tumatir a Mile 12, ko yadda mai POS ke yanke cajinsa gwargwadon kuɗin da aka cire. Irin wannan aikin allo yana da amfani, ba kamar kwafe tarihin na'urar da ta mutu tun kafin a haifi kakan yaron ba. Sauran rabin ne, wato hannu, ba shi da madadi.

Don haka uban da ya je neman wa ɗansa makaranta, musamman ta kuɗi inda ake rubuta kuɗin kwamfuta daban a takardar biya, kada ya tsaya a tambayar ko akwai ɗakin kwamfuta. Ya tambayi guda nawa ke tashi a yau, yara nawa ke zama kan kowace, wace rana ajin ɗansa ke shiga, me ake yi in babu wuta, malamin kuma shekararsa nawa a makarantar. Mafi sauƙi ma, ya dawo gida ya sa yaron a gaban na'ura ya ce buga mini sunanka da adireshin gidan nan.

Ni dai abin da na yi, na ware wa 'yar ƙanwata awa ɗaya duk Asabar bayan la'asar, ita da ƙawarta ɗaya, a falona. Makon farko rubutu kawai, yatsu goma, ba duba madannai. Ta yi ta ƙorafin cewa waya ta fi sauri. A mako na huɗu na ba ta littafin bashin shagon uwarta ta zuba a Excel, ta ga jimilla ta fito da kanta, ta canza lamba ɗaya ta ga jimillar ta bi ta, ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta zo rubuta sunan wata mai bashi, ta laluba sama da ƙasa, ta juyo ta ce, "Kawu, ina ƙ mai lanƙwasa? Babu ita a nan." Na ce ta bari, wannan shi ne darasin mako mai zuwa.